Nisa da Lokaci a Tafiyar Jirgin Sama Tsakanin Sakkwato da Kano

Abin da wannan takarda ta ƙudurta shi ne ta nuna cewa sanin nisan da ke tsakanin filayen jirgin sama biyu bai wadatar ba wajen ƙididdige lokacin tafiya. Mun ɗauki Filin Jirgin Sama na Sarkin Musulmi Abubakar III da ke Sakkwato da na Malam Aminu Kano a matsayin misali, domin kuwa idan aka ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu a taswira, zai ratsa ta yankin Bakura, ya gitta arewa kaɗan da Talata Mafara da Maradun.

Tsawon wannan layi kimanin kilomita 370 ne, wato wajen mil 200 a ma'aunin matuƙa jirgi, wanda kowane mil ɗaya nasa mita 1,852 ne. Hanyar mota kuwa, wadda ta bi ta Gusau da Funtuwa, ta kai kimanin kilomita 500.

Ɗalibin lissafi zai raba 370 da 800, wato gudun jirgin jet a awa guda, ya ce tafiyar minti 28 ce. Lissafinsa daidai ne, amma jirgi ba haka yake tafiya ba. Ba ya kai wannan gudu sai ya yi nisa cikin sama inda iska ba ta da kauri, kuma ƙa'ida ta hana shi wuce kusan kilomita 460 a awa matuƙar yana ƙasa da ƙafa 10,000. Haka kuma saukowa ba faɗuwa ba ce. Matuƙa kan ware mil 3 ga kowace ƙafa 1,000 da za su sauko. Ke nan jirgin da ya hau ƙafa 25,000 tilas ya fara gangarowa tun saura kilomita 140 ya isa Kano. Idan aka cire hawa da sauka, abin da ya rage na cikakken gudu bai taka kara ya karya ba. Saboda haka zaman sama kan kai minti 40 ko fiye, ban da tafiyar da jirgi ke yi a ƙasa kafin tashi da bayan sauka. Wannan ne dalilin da ya sa a gajeren zango irin wannan jirgi mai farfela, mai gudun kilomita 500 a awa, ba ya barin rata mai yawa tsakaninsa da jet.

Ba mu sa hazon hunturu cikin lissafin ba, ga shi kuwa yakan hana sauka ɗungurungum tsakanin Disamba da Fabrairu.

To, ina amfanin wannan ga mutumin Mafara? Kafin ya hau jirgi sai ya juya wa Kano baya, ya yi tafiyar sama da kilomita 100 zuwa Sakkwato, ya jira, sa'an nan jirgin ya dawo da shi ta saman garinsu. In kuwa sai ta Abuja zai bi ya sake jirgi, nisan ya koma kimanin kilomita 855, wato ya zarce na mota nesa ba kusa ba. A ganinmu, duk mai tsara sufuri a Jihar Zamfara, musamman game da filin jirgin Gusau da aka ƙaddamar da aikinsa a 2024, daga ƙofar gidan matafiyi ya kamata ya fara awo.