Amfanin Zanen Da Ke Jikin Taya

Babban titin da ya taso daga Funtuwa ya ratsa Tsafe da Kwatarkwashi, ya shiga Gusau, sannan ya wuce Bungudu ya nufi Sakkwato. Hanya ce mai yawan ababen hawa. Akwai tireloli, da motocin haya, da a-kori-kura masu ɗauko hatsi daga ƙauyuka, da baburan 'yan kabu-kabu. Duk girman mota, da duk nauyin da ta ɗauko, taya kaɗai ke taɓa ƙasa. A ƙaramar mota, wurin da kowace taya ke taɓa titi bai wuce faɗin tafin hannun babban mutum ba. Ke nan ran direba da na fasinjojinsa yana bisa tafi huɗu na roba.

Saboda haka ya kamata jama'a su san abin da ke kan wannan roba. Mutane da yawa suna zaton zanen da ke jikin taya kwalliya ce kawai. Alhali kowane layi da ke wurin yana da aikin da aka yi shi dominsa.

Yadda Zanen Ya Samo Asali

Roba dai ƙaro ne na wata bishiya. A Nijeriya ana shuka ta a kudu, kamar jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Ɗanyar roba takan yi danƙo da zafi, ta sandare da sanyi. Wani Ba'amurke mai suna Charles Goodyear ne ya gano cewa in aka dafa ta da farar wuta sai ta yi ƙwari. An yi masa rajistar wannan dabara a shekarar 1844.

A shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop ya haɗa taya mai iska a birnin Belfas, domin keken ɗansa. Tayoyin farko sumul suke, babu zane. Da motoci suka fara gudu, sai aka ga suna zamewa in an yi ruwa. A shekarar 1904 kamfanin Continental na ƙasar Jamus ya fitar da tayar mota mai zane. Tun daga nan ake ta gyara zanen har zuwa yau.

Kwari: Hanyar Ruwa

In aka dubi fuskar taya, abin da ido zai fara gani shi ne manyan kwaruruka da suka zagaye ta. A tayar ƙaramar mota yawanci uku ne ko huɗu. Aikinsu irin na lambatu ne. Idan taya ta hau ruwa, sai ruwan ya shige cikin kwarin, robar kuma ta samu ta taɓa kwalta.

Akwai kuma wasu kwaruruka da suka gitta, daga tsakiya zuwa gefe. Su ke fitar da ruwan waje, kamar yadda indararo ke zubar da ruwan soro.

Wannan aiki cikin gaggawa ake yin sa. Zagayen tayar ƙaramar mota kusan mita 2 ne. Idan motar tana gudun kilomita 80 cikin awa, tayar tana juyawa kamar sau 11 a daƙiƙa ɗaya. Ke nan ruwan da ke ƙarƙashinta ba shi da ko ƙiftawar ido kafin ya kauce. In kwarin ya cinye, ko gudun ya yi yawa, ruwan ba zai samu hanyar fita ba. Sai ya taru ya ɗaga tayar, motar ta riƙa tafiya bisa ruwa kamar kwale-kwale. A wannan lokaci sitiyari ba ya jin magana, birki kuma ba ya kamawa.

Direban da ya ji haka kada ya danne birki da ƙarfi, kada kuma ya fizgi sitiyari. Ya ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari daidai, har taya ta sake kama ƙasa.

Tubala: Haƙoran Taya

Tsakanin kwari da kwari akwai dunƙulen roba masu kama da tubala. Su ne haƙoran taya. Su ke cizon ƙasa in mota za ta tashi, ko za ta tsaya. Waɗanda ke gefe, wato kafaɗar taya, sun fi girma da ƙarfi, domin a kansu nauyi ke komawa in an sha kwana.

Mai lura zai ga tubalan ba girmansu ɗaya ba. Wasu sun ɗan fi wasu tsawo. Da gangan aka yi haka. Da duk girmansu ɗaya ne, da sun riƙa bugun titi da sauti ɗaya, ƙugin ya dami mutane. Bambancin girman shi ke rage ƙara.

Tsaga: 'Yan Siraran Layuka

A kan kowane tubali akwai wasu 'yan siraran layuka, kamar an tsaga da reza. Wani mutumin Amurka mai suna John Sipe ne aka yi wa rajistar dabarar tsaga roba a shekarar 1923.

Idan tubali ya taka ƙasa, tsagar takan ɗan buɗe baki. Bakin nata yana share ɗan ruwan da ya rage a kan kwalta, wanda babban kwari bai kwashe ba. Kowace tsaga kuma ƙarin kaifi ce da ke kama titi. Amma ba a yawaita ta fiye da kima. In ta yi yawa tubalin zai yi laushi, ya riƙa lanƙwashewa, ya cinye da wuri.

Kowace Hanya Da Irin Tayarta

Babu zane ɗaya da ya dace da ko'ina. A busasshiyar kwalta, yawan robar da ta taɓa ƙasa shi ne riba. Shi ya sa motocin tsere na ƙasashen Turai ke sa taya marar zane in babu ruwa. Amma da zarar ruwa ya sauko sai su canza zuwa mai kwari. Direban haya ba zai tsaya canza taya duk lokacin da hadari ya taso ba. Don haka tayarsa dole ta iya rani, ta iya damina.

Motar da aikinta ke kan kwalta, tsakanin Gusau da Bungudu ko Gusau da Tsafe, ƙananan tubala masu matsatsi sun fi mata. Ba su da ƙara, ba su kuma shan mai da yawa. Amma a-kori-kurar da ke sauka daga titi ta shiga hanyoyin ƙauye da fadamun gulbin Sakkwato, tana bukatar manyan tubala masu tazara. Tazarar ce ke barin laka ta faɗi yayin da taya ke juyawa. In laka ta cike zane, taya ta zama sumul, sai ta yi ta juyawa wuri ɗaya.

Tayar baya ta tarakta tana da manyan haƙora da suka karkata suka haɗu a tsakiya. Tsinin haɗuwar ne ke fara taɓa ƙasa, sai a tura taɓo zuwa gefe. Idan aka ɗaura ta a juye, ƙarfin ja yana raguwa cikin laka. Haka nan wasu tayoyin mota da na babur suna da alamar kibiya a gefe. Kibiyar tana nuna inda taya za ta juya in ana tafiya gaba. Mai abin hawa ya tsaya ya ga mai faci ya ɗaura ta daidai.

Tayar babur kuwa fuskarta a zagaye take, domin babur yana kwantawa gefe in zai sha kwana. Sau da yawa tsakiyar tayar baya ce ke fara cinyewa, gefe kuma yana nan da zanensa. Kada gefen ya ruɗi ɗan kabu-kabu, domin a tsakiyar yake tafiya.

Yaushe Taya Ta Ƙare?

Zurfin kwarin sabuwar tayar ƙaramar mota kusan milimita 8 ne. Masu ƙera taya sun sa alama a cikin kwarin. In aka leƙa za a ga wani ɗan tudu da ya gitta a wurare da dama. Tsawonsa milimita 1.6 ne, wato bai kai kaurin tsinken ashana ba. A kafaɗar taya akan sa haruffan TWI, ko ɗan zane mai kusurwa uku, don nuna inda tudun yake. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da wannan tudu, taya ta gama aiki. Mai hankali ba ya ma jiran ta kai nan, musamman in damina ta kusa, domin riƙon taya a ruwa yana raguwa tun kafin lokacin.

Taya kuma tana da shekaru. A gefenta akwai haruffan DOT, sai wasu haruffa da lambobi su biyo baya. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwarta. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, in an ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Tun shekarar 2000 ake rubuta lambobi huɗu haka. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a shekarar 1988, ta sha gargaɗin direbobi game da tayar da ta wuce shekara 4. Roba tana bushewa ko da ba a hau ta ba, zafin rana kuma yana gaggauta hakan. Tayar da gefenta ya yi faso ko ya kumburo, a cire ta, ko da zanenta yana da kyau.

Abin Da Cinyewar Taya Ke Faɗa

Yadda taya ta cinye yana tona asirin ciwon mota. In tsakiya kaɗai ta cinye, iska ta yi yawa. In gefe biyu suka cinye tsakiya ta rage, iska ta yi kaɗan, ko lodi ya yi yawa. In gefe ɗaya ne kawai, saitin ƙafa ya goce, sai a kai wa makanike. In kuwa ta cinye tudu da kwari, a duba shokozoba.

Ƙarancin iska da yawan lodi su ne manyan maƙiyan taya. Suna sa ta riƙa lanƙwashewa, ta ɗau zafi, har ta fashe ana cikin gudu. Wannan ya fi faruwa da bazara, lokacin da kwalta ke ƙuna, da kuma kaka, lokacin da ake jibga buhunan masara da dawa da waken suya. A riƙa auna iska da safe, kafin taya ta yi zafi. A yawancin ƙananan motoci an rubuta adadin iskar da ya dace a jikin ƙofar direba. Kada a sace iskar taya don ta yi zafi a hanya, domin in ta huce iskar za ta gaza.

Hattara Wajen Saye

A da ana ƙera taya a Nijeriya. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a shekarar 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Ikeja a shekarar 2008. Tsadar sabuwar taya ta sa mutane da yawa suna komawa ga ta hannu, wadda ake kira Beljiyam. Irin wannan taya wani ya riga ya ci rabin ranta a wata ƙasa. Wasunsu ma an yi su ne don ƙasashe masu ƙanƙara. Robarsu tana da laushi, tsagarsu tana da yawa, don haka suna saurin cinyewa a zafin Zamfara.

Akwai kuma masu ɗaukar suɗaɗɗiyar taya su yanka mata sabon kwari da wuƙa mai zafi, su shafe ta ta yi baƙi. A tayar ƙaramar mota wannan ganganci ne, domin robar da ta rage a kan waya ba ta da kauri. Wasu tayoyin manyan motoci ne kaɗai aka yi su da ƙarin roba don a sake yanka su, kuma akan rubuta haka a jikinsu. Mai saye ya duba lambobin nan huɗu, ya nemi ɗan tudun cikin kwari, ya leƙa ciki ko akwai faci. Araha dai ba ta ado.

Wanda ƙarfinsa bai wuce sabbin tayoyi biyu ba, masu ƙera taya suna ba da shawarar a sa su a baya. Idan bayan mota ya zame a ruwa, motar takan juya gaba ɗaya, kuma dawo da ita yana da wuya.

Kafin A Kama Hanya

Ruwan farko na damina ya fi kowane santsi, domin yana haɗuwa da ƙura da man da motoci suka ɗigar duk tsawon rani. A watan Agusta kuma ruwa yakan kwanta a ramuka da sawun manyan motoci. A irin waɗannan lokuta rage gudu shi ne babban magani, ko da taya sabuwa ce. Ga kuma matsalar tsaro da ta addabi yankin a shekarun nan. Babu mai son taya ta tsayar da shi a daji, balle in yamma ta yi.

Duba taya ba ya cin kuɗi, ba ya kuma cin lokaci. Direba ya zagaya motarsa kowace safiya, ya cire tsakuwar da ta maƙale a kwari, ya tabbatar safaya tana da iska. Shugabannin tasha su sa ido kan motocin da ke lodi. Fasinja ma yana da haƙƙin ya dubi ƙafafun mota kafin ya biya kuɗi. In ya ga taya ta suɗe har waya ta leƙo, ya haƙura ya jira ta gaba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.