Tsatsar jiki, gujiya da zogala

Manomi, ka san abin da ke samun hauya in ta kwana cikin raɓa. Tsatsa ta kan ci ta. Jikin mutum ma yana da tasa tsatsa.

Jikinka an gina shi da ƴan ƙwayoyi ƙanana, ido ba ya ganin su. Kowace ƙwaya tana ƙona abinci da iskar da kake shaƙa, don ta samu ƙarfi. Wajen wannan ƙuna sai wasu ƴan tartsatsi su fito. In kaɗan ne, jiki ya iya da su. In sun yi yawa, sai su ɓata ƙwaya. Hayaƙi da taba da guba suna ƙara su.

Akwai wata guba da ta shafe mu, mu manoman gujiya na Magarya da Matamai. Sunanta aflatoksin. Tana fitowa daga funfunar gujiya da masara da ba su bushe sosai ba. An gano ta bayan 1960, shekarar da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila don sun ci tunkuza mai funfuna. Tana cin hanta a hankali, har ta kawo sankara. Haɗarin ya fi ga mai ciwon hanta iri na B. Dafuwa da suya ba su kashe ta.

Amma ƙwayar jiki ba ta zauna banza ba. Tana da manzo, masana suna ce masa Nrf2. Lokacin lafiya yana tsare. In haɗari ya zo, sai a sake shi, ya shiga tsakiyar ƙwaya, kamar mai kai labari fadar Sarkin Damagaram. Daga nan umurni ke fita: a ƙera makaman wanke guba.

A 1992, Paul Talalay da abokan aikinsa na jami'ar Johns Hopkins, a Amurka, sun samu wani sinadari cikin wani dangin kabeji, mai ƙara waɗannan makamai. Daga baya aka gane wannan manzo yake tadawa. Ganyen zogala yana da sinadari ɗan'uwan wannan. Yawancin gwajin an yi shi bisa ɓeraye da cikin ɗakin bincike. Don haka zogala abinci ce mai taimakon jiki, ba ta warkad da sankara. Wanda ya ce maka tana warkarwa, kuɗinka yake so.

To, me za ka yi? Ka tone gujiya a kan kari. Ka shanya ta har ta yi ƙara in ka girgiza. Ka tsince mai funfuna da mai ɗaci, ka binne. Kada ka ba dabba, gubar tana bi ta nono. Ka ɗora buhuna bisa katako. Ka dasa zogala bakin rijiya, a riƙa kwaɗo da miya. In ido ya yi rawaya ko ciki ya kumbura, a tafi likita ba da jinkiri ba.

Ka karanta wa maƙwabcinka wannan takarda.