Jikin Almajiri Amana Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya ku malaman tsangaya da attajirai na Kademi da sauran ƙasar Gaya da Ajingi, ku sani uban da ya kawo ɗansa makaranta ba karatunsa kaɗai ya damƙa mana ba, har da jikinsa. Yaron da ke durƙushe gaban allo tun asuba, da dare kuma a koma bakin wuta, in ba a sake shi ya miƙe gaɓoɓinsa ba, gyangyaɗi ne zai cinye rabin haddarsa.

Waɗansunmu suna ɗaukar wasa shashanci ne. Alhali kuwa an ruwaito Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana har ya kā da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, cikin shawararta ta 2020, ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya kamata ya sami sa'a guda kullum yana motsa jiki. Wannan ba ya cin ko kwabo: langa da tsere da kokawa bayan la'asar sun wadatar, muddin gardi yana tsaye kada wasa ya koma faɗa.

Sai dai a lura da wurin wasan. Da damina yara kan faɗa kududdufi su yi iyo, nan kuwa tsargiya take. Tsutsarta tana fitowa daga katantanwar ruwa, ta shiga ta fata, bayan 'yan makonni ko watanni sai a ga jini cikin fitsari. Wannan ba alamar balaga ba ce, ciwo ne mai tsotse jini, maganinsa kuwa yana asibiti.

Sa'an nan wurin kwana. Da rani, lokacin ƙura da zafi, sanƙarau yakan bi numfashi cikin zauren da aka cunkusa yara ba taga. A 1996 ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000, galibi a Arewa. An soma babbar allurar rigakafinsa a 2011, a 2024 kuma aka kawo sabuwa mai tare iri biyar na cutar. Malamin da ya ga zazzaɓi tare da sanƙarewar wuya, ya kai yaro asibiti a ranar, kada a kwana.

Ku kuma attajirai, mai neman sadaka mai gudana ga ƙofarta: ya fasa wa zaure tagogi, ya gina masai, ya haƙa rijiya, ya bar fili guda ba gini domin yara su yi gudu.

Allah ya ba mu ikon sauke amana, amin. Wassalamu.