Baka, Tsirkiya da Kibiya: Hanyar Warware Mas'alolin Da'ira a Makaranta

Malaman da suka daɗe suna koyar da lissafi a makarantun sakandare sun san babin da'ira yana daga cikin wuraren da yara ke yawan tuntuɓe. Yaro yakan haddace ƙa'idodi bakwai ko takwas, ya kawo su da ka ba gargada, amma da an zana masa da'ira, an ja layi biyu a ciki, an ce ya fitar da kusurwa kaza, sai ya tsaya yana kallon takarda, ya rasa wadda zai ɗauko. Dalili kuwa shi ne an ba shi ƙa'idodin nan a warwatse, kamar kowace da asalinta dabam, alhali kuwa uwarsu ɗaya. Manufar wannan takarda ita ce a nuna uwar nan, a kuma nuna cewa mafi yawan mas'alolin da ake ba yara suna warwarewa da layi guda wanda mai tambaya ba safai yake zanawa ba, watau layin da ya taso daga cibiya ya tuƙe ga kewaye. Mun yi bayanin da Hausa tsantsa, domin malamai masu horon malamai su gwada sunayen, su ga ko za su ɗauki nauyin hujja.

1. Ma'anar da'ira da sunayen sassanta

Wanda ya taɓa ganin magini zai kafa ɗakin zagaye ko rumbu ya riga ya ga ma'anar da'ira. Yakan kafa turke, ya ɗaura igiya, ya ja ta ta miƙe, ya zaga yana zane a ƙasa da tsinke. Turken shi ne cibiya, zanen shi ne kewaye, tsawon igiyar kuwa shi ne rabin faɗi. Tun da igiya ba ta ƙaru ba, ba ta ragu ba, kowane ɗigo a bisa kewaye nisansa daga cibiya ɗaya ne da na ɗan'uwansa. Iyakar abin da muka sani ke nan game da da'ira tun farko, sauran duka daga nan za a tatso su.

Haka Uƙlidis ya yi a Iskandariyya wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, cikin littafinsa na tushen handasa, ilmin da makarantun boko ke kira jometiri. Littafin kashi 13 ne, kashi na uku kuwa ya keɓe shi ga da'ira, da mas'aloli 37, kowace ta jingina ga waɗanda suka gabace ta. Hajjaju ɗan Yusufu ɗan Maɗar ya juya shi zuwa Larabci a zamanin Haruna Rashid, daga baya Is'haƙu ɗan Hunainu ya sake fassara shi, Sabitu ɗan Ƙurra ya gyara fassarar.

Malaman Larabawa sun kira yankin kewaye ƙausu, layin da ya haɗa bakinsa biyu wataru, ɗan layin da ya taso daga tsakiyar wataru zuwa tsakiyar ƙausu kuma sahamu. Ma'anarsu da Hausa baka da tsirkiya da kibiya. Sunayen Turanci ma, in an bi asalinsu a Latin da Yunananci, nan suke komawa. Saboda haka babu abin da zai hana mu ce baka, tsirkiya, kibiya, gama ɗan Bahaushe ya san surar abin tun bai shiga aji ba. Tsirkiyar da ta ratsa ta cibiya ita ce faɗin da'ira, ita ce kuma mafi tsawo. Kusurwa mai digiri 90 za mu kira ta tsayayyar kusurwa. Layin da ya taɓa kewaye a ɗigo ɗaya tak, bai shiga ciki ba, za mu kira shi layin shafa.

2. Mas'alolin tsirkiya

A ɗauki da'ira mai cibiya O, da tsirkiya AB. In an ja OA da OB, an sami alwatika mai ƙafa biyu daidai, domin dukansu rabin faɗi ne. Alwatika irin wannan kuwa, in an sauko da layi tsaye daga kanta zuwa gindinta, yakan raba gindin biyu daidai wa daida. Ashe ƙa'idar da ke cewa layin da ya sauko tsaye daga cibiya yana raba tsirkiya biyu, halin alwatika ne da yaro ya riga ya sani tun ajin baya.

Misali, rabin faɗi santimita 13, tsirkiya santimita 24, ana neman nisanta daga cibiya. Rabin tsirkiya 12. Ga alwatika mai tsayayyar kusurwa, dogon gefenta 13, gefe ɗaya 12. Bisa ƙa'idar Fitagoras, a ɗebe 144 daga 169, saura 25, nisan ya zama santimita 5.

Ga wadda ta fi wannan amfani. An tsinci guntun bakin tukunya, ana so a san faɗin bakin tun tana lafiya. Cibiya ta tafi tare da sauran tukunyar, ba inda za a aza ma'auni. Sai a auna tsirkiya daga wannan baki zuwa wancan, a ce ta yi santimita 24, a auna kibiya, a ce 8. A kira rabin faɗin da ba a sani ba r. Nisan tsirkiya daga cibiya shi ne r a ɗebe 8. Fitagoras ya ba mu r² = 12² + (r − 8)². In an buɗe, r² ta ɓace daga ɓangarorin biyu, ya rage 16r = 208, watau r = 13, faɗin baki santimita 26.

Alkawarizmi ya kawo wannan a babin awo na littafinsa na aljabara, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekara ta 820. Hanyarsa ita ce a buga rabin tsirkiya da kansa, a raba da kibiya, a ƙara kibiya, abin da ya fito shi ne faɗi. A gwada: 12 sau 12, 144, a raba da 8, 18, a ƙara 8, 26. Yana da kyau a bar ɗalibai su bi hanyar r tukuna, kāna a nuna musu ta Alkawarizmi, su gane da kansu abu ɗaya ne aka taƙaita.

3. Mas'alolin kusurwa

Nan ne yara suka fi ruɗewa, nan ne kuma layin cibiya ya fi aiki. Mas'ala ta 20 a kashi na uku na Uƙlidis ta ce kusurwar da baka ya yi a cibiya ninki biyu ce ta wadda ya yi a kewaye. Ga hujjarta. A sa ɗigo A da B da P a bisa kewaye, a ja PA da PB, cibiya O tana tsakaninsu. A ja OA da OB, sa'an nan a ja layi daga P ya ratsa ta O ya zarce zuwa wani ɗigo Q. Alwatika OPA ƙafafunta biyu daidai ne, don haka kusurwarta ta P da ta A daidai suke. A kira kowace x. Kusurwar AOQ tana wajen alwatikar, kusurwar waje kuwa jimlar biyun nan ce na ciki masu fuskantarta, ta zama 2x. Haka alwatika OPB: a kira kusurwoyinta y, BOQ ta zama 2y. Kusurwar AOB ke nan 2x da 2y, ta APB kuwa x da y. Ninki biyu ya tabbata. In cibiya ta faɗa wajen kusurwar P, hujjar ba ta sake ba, sai dai a ɗebe maimakon a tara.

Daga wannan guda ƙa'idodi uku suke fitowa, waɗanda littattafai kan jera kamar baƙin juna. Ta farko, duk kusurwoyin da suka tsaya bisa baka ɗaya, suna gefe ɗaya na tsirkiya, daidai suke, domin kowace rabin kusurwar cibiya ɗaya ce. Ta biyu, in AB faɗin da'ira ne, kusurwar cibiya miƙaƙƙen layi ce, digiri 180, don haka ta kewaye 90. Wannan ita ake jinginawa ga Talis, mutumin Militus. Ta uku, in kusurwoyi huɗu na wata sura duk suna bisa kewaye, biyu masu fuskantar juna jimlarsu 180, gama bakunan da suka tsaya a kai sun cika zagaye, digiri 360, rabinsa kuwa 180.

A gwada da adadi. AOB digiri 110. In P yana bisa babban baka, APB 55. In yana bisa ƙaramin baka, to, bakan da yake fuskanta shi ne babban, mai kusurwar cibiya 250, APB ta zama 125. A tara 55 da 125, ga 180. Kuskuren da aka fi gani a nan shi ne yaro ya ba da 55 ko ina P yake. Maganinsa a saba masa da tambaya guda kafin ya taɓa alƙalami: wane baka kusurwar nan take kallo?

4. Layin shafa

Layin shafa ya taɓa da'ira a ɗigo ɗaya, sauran ɗigoginsa duka suna waje, sun fi rabin faɗi nisa daga cibiya. Ashe rabin faɗin da ya je wurin shafar shi ne hanya mafi gajarta daga cibiya zuwa layin, hanya mafi gajarta kuwa ita ce mai sauka tsaye. Ta haka muka sake samun tsayayyar kusurwa, Fitagoras ya dawo. In ɗigo T yana da nisan mita 17 daga cibiya, rabin faɗi mita 8, tsawon layin shafa daga T shi ne tushen 289 a ɗebe 64, watau tushen 225, mita 15. Da yake layi biyu ne za a iya ja daga T, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, kuma lissafinsu ɗaya, tsawonsu ma ɗaya ne.

Ɗalibi kan yi tsammanin wannan aikin takarda ne kurum, sai an nuna masa cewa ganin mutum daga kan dutse zuwa inda sama ta haɗu da ƙasa layin shafa ne. Rabin faɗin duniya kusan kilomita 6,371. Wanda ya hau tudu mai tsayin mita 100 a fili shimfiɗaɗɗe, lissafin nan ya nuna ganinsa zai kai wajen kilomita 36, in ba a kula da karkacewar haske cikin iska ba. Albairuni ya juya mas'alar a farkon ƙarni na 11, a Nandana, cikin ƙasar da yau ake kira Pakistan: ya auna tsayin dutse, ya auna kusurwar da ganinsa ya sunkuya zuwa ƙarshen ƙasa, daga nan ya fitar da rabin faɗin duniya.

5. Awon kewaye da fili

Wannan ba ya bukatar dogon bayani, sai gargaɗi biyu. Ɗaki mai igiyar mita 3.5, in an ɗauki 22/7, kewayensa mita 22, filinsa murabba'in mita 38.5. In aka ninka igiya, kewaye ya ninka sau biyu, fili kuwa sau huɗu, yara kuma sukan manta da haka. Gargaɗi na biyu, 22/7 kusanci ne kawai. Arkimidis ya nuna adadin da ake kira fai ya fi 3 da 10/71, bai kai 3 da 1/7 ba. Alkashi ya fitar da ninkinsa biyu har gurbi 16 bayan ɗigo a Samarkand cikin 1424, Lambert kuma ya tabbatar a 1761 cewa ba za a taɓa rubuta shi cif da lamba bisa lamba ba.

6. Tsarin aiki a aji

Abin da muke ba malamai shawara shi ne su saba wa ɗalibi da matakai huɗu. Ya zana surar da girma, ya rubuta abin da aka ba shi a kanta. Ya nemi cibiya, in ba a sa ta ba ya sa, ya ja rabin faɗi zuwa kowane ɗigo mai suna a kewaye, ya yi musu alama ɗaya. Ya nemi alwatika mai ƙafa biyu daidai, ko mai tsayayyar kusurwa. Sa'an nan ya rubuta dalili a gaban kowane adadi da ya fitar.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda malami ya kamata ya fi tsanantawa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a handasa gani ba hujja ba ne. Tsirkiya takan yi kamar ta ratsa ta cibiya alhali ta kauce, kusurwa mai digiri 87 takan yi kama da tsayayya. In ba a faɗa cikin tambaya ba, ba a kuma fitar da shi da dalili ba, ba a gina kome a kansa. Malami zai iya zana sura karkatacciya da gangan wani lokaci, domin wanda ya dogara ga ido ya gane inda ido ke kai shi.

Game da sunaye kuwa, baka da tsirkiya da kibiya suna da gindin zama, tun da harsuna da dama sun riga mu bin wannan tafarki. Rabin faɗi da layin shafa da tsayayyar kusurwa su ne muke roƙon malaman kwalejojin horo su gwada a aji na zango ɗaya, su lura da inda harshen ɗalibai ya karɓa da inda ya ƙi, su aiko wa wannan sashe da abin da suka gani, domin a daidaita bisa suna ɗaya.