Baƙunci A Wuro Patuji: Abin Da Bahaushe Ke Tararwa A Mubi

Galibin mutanen Kano da Katsina da Sakkwato waɗanda ba su taɓa wuce Gombe ba sun ɗauka Arewa duk abu guda ce, watau duk inda mutum ya sauka zai tarar da harshensa da tuwonsa suna jiransa. Wanda Allah ya haɗa shi abota da mutumin Mubi, har abokin ya matsa masa lamba ya zo ya ga gida, shi ne kan gane ba haka abin yake ba. Hausa dai za a yi masa a tasha da kasuwa, kuma Hausa mai kyau, amma da zarar ya shiga zaure an fara gaisuwa sai harshe ya juya, ya wayi gari shi ne wanda ake yi wa tafinta.

Tafiyar ma kanta ba ta rago ba ce. Mai tasowa daga Kano sai ya bi ta Gombe, daga nan ko dai ya yanke ta Biu da Garkiɗa ya faɗo Gombi, ko kuwa ya zaga ta Numan da Yola. Daga Yola zuwa Mubi kimanin kilomita 200 ne, a bi ta Girei da Song da Gombi da Hong, har Mararraba inda hanya ta rabu, ɗaya ta miƙe Michika da Madagali, ɗaya ta karkata gabas ta shiga Mubi. Direbobi sun fi son sammako, don ba mai so dare ya riske shi a hanya. Tun daga Song ƙasa ke fara sauya kama, duwatsu su riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, kafin a isa sai ga su sun jeru sun tare gabas ɗungum. Waɗannan su ne duwatsun Mandara, bayansu kuwa Kamaru ce.

Wannan kusanci da Kamaru shi ne mabuɗin tarihin garin, kuma baƙon da bai san shi ba zai yi ta mamakin abubuwa da yawa. Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato cikin 1903, Mubi tana ɓangaren Jamus ne. Sai da aka ci Jamus a Yaƙin Duniya na Farko sannan yankin ya dawo hannun Ingila, shi ma a matsayin riƙon amana, ba a matsayin wani yanki na Nijeriya ba. Ran 1 ga watan Oktoba 1960 da aka sauke tutar Ingila a Ikko, mutanen Mubi ba su zama 'yan Nijeriya ba tukuna. Cikin watan Fabrairu 1961 ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka yi ƙuri'ar raba-gardama a Arewacin Kamaru, mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ran 1 ga watan Yuni na shekarar aka haɗe, aka raɗa wa yankin suna Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwata. Shugaba Ahmadu Ahijo na Kamaru ya ji zafin abin har ya sa aka riƙa ɗaukar ranar a matsayin ranar makoki a ƙasarsa. Daga baya garin ya shiga Jihar Arewa Maso Gabas cikin 1967, Gongola cikin 1976, sannan Adamawa cikin 1991. Watau Bakano da Bakatsine tashi suka yi suka gan su a Nijeriya, amma kakannin abokin da ake ziyarta layi suka bi suka jefa ƙuri'a kafin su shigo. Ya kamata baƙo ya riƙe wannan a ransa kafin ya fara yi wa mutanen gari kallon 'yan bakin iyaka.

UNGUWAR 'YAN MAKARANTA

Wuro da Fulatanci gari ke nan ko unguwa, shi ya sa sunayen wurare da dama a Mubi suka fara da wannan kalma. Ita Wuro Patuji sunanta ya fita ne saboda ɗalibai. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, wadda aka kafa cikin 1979, ga Jami'ar Jihar Adamawa da ta zo cikin 2002, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya. Ɗakunan kwanan makarantun ba su isa ba, saboda haka masu gidaje a unguwar suka yi ta gina ɗakunan haya jere-jere. A tsakar gida guda sai a sami Bamarge da Bahige da Bayarabe da ɗan Ibo da Babarbare suna bin layin ɗiban ruwa. Yawancin abotar da ke jawo mutum daga nesa ya zo Mubi a irin waɗannan gidaje aka ƙulla ta, wasu kuwa wajen aikin bautar ƙasa ko fataucin shanu.

Baƙo in ya sauka, kalmar da zai fara ji ita ce "Jaɓɓaama", watau barka da zuwa. Za a tambaye shi "Jam na?", shi kuwa abin da zai ce kawai "Jam". In ya ƙara da "Useko" wajen godiya, to, ya gama sayen zuciyar tsofaffin gida. Asalin mazauna wannan ƙasa Gude ne da Fali da Njanyi, Fulani suka zo suka kafa mulki bayan jihadin Modibbo Adama a farkon ƙarni na 19, sai Fulatanci ya zama harshen da ya haɗa kowa. Ba abin mamaki ba ne a ga yaro ɗan firamare yana juya harshe uku ko huɗu ba tare da ya san wani abin kirki yake yi ba. Abokin zai kai baƙonsa cikin gida ya gai da mahaifiya. Dada zai ce mata, yadda ɗanta ke kiranta, kuma a durƙushe. Daga ranar ya zama ɗa, duk abin da aka dafa da rabonsa.

Da safe kunun gyaɗa ne. Bahaushe zai ce ai ya san kunun gyaɗa, amma ya bari sai ya sha na Adamawa. Ana niƙa gyaɗa ɗanya ko wadda aka ɗan soya sama-sama, a tace madararta, a ɗora a wuta, in ta tafasa a zuba shinkafa, wasu da ƙwayarta wasu niƙaƙƙiya, a yi ta juyawa har ya yi kauri, sannan a tsinka shi da ruwan tsamiya. Fari ne sol, yana da maiƙo, kuma wanda ya sha kwano guda da ƙosai ba zai nemi komai ba sai bayan azahar. Matan gari ba su ɗauke shi abin wasa ba. Da shi ake karɓar baƙo, da shi ake buɗa baki da azumi, shi ake dama wa mai jego.

Da dare kuma sai nyiiri da haako, watau tuwo da miyar ganye. Tuwon sau da yawa na jar dawa ne, wadda Fulani ke kira njigaari, ko na masara. A wajen miya ne bambancin ya fi fitowa. A ƙasar Hausa kuka da kuɓewa ke mulki, a nan kuwa yakuwa ce sarauniya, sunanta follere, kuma ba a raba ta da gyaɗa. Tsamin yakuwa da garɗin gyaɗa in suka haɗu, aka kwarara man shanu a kai, sai baƙo ya manta da kunya. Akwai miyar tafasa, wadda su ke ce wa tasba, ana haɗa ta da wake da gyaɗa, akwai kuma gubuɗo, watau karkashi. Abin lura shi ne ganyayen da Bahaushe ya bar wa kwaɗo ko ya ajiye don lokacin yunwa, a nan su ne abincin girmama baƙo, kuma gaskiya su suka fi mu gane darajarsu. In abokin Bamarge ne ko yana da maƙwabta Margi, ba makawa wata rana a yi miyar nan ta kifi da ta yi suna har Abuja da Ikko, wadda ake dafawa da yakuwa da alayyafo da tumatir, romonta tsararo ba kauri. Masu sayar da abinci a birane sun sa mata farashi mai tsada, amma a gida abincin yau da kullum ce.

Wani abu da kan ɗaure wa baƙo kai shi ne a gidan Fulani sai a ajiye masa akushi a ja ƙofa a bar shi shi kaɗai. Kada ya ɗauka wulaƙanci ne. Fillanci ne ya hana a tsaya a kansa yana cin abinci.

KASUWA DA DUWATSU

Mutanen Mubi suna yi wa garinsu laƙabi da Sabon Dale, kuma in suna alfahari da kasuwanci suke yi. Wurin da abokin zai fara kai baƙonsa shi ne kasuwar shanu, watau tike, wadda tana cikin mafiya girma a Arewa maso gabas. Shanu na shigowa daga Kamaru da Cadi, farare da jajaye masu dogayen ƙaho da gudali masu tozo, dillalai suna kai da kawowa tsakanin mai saye da mai sayarwa, manyan motoci sun jeru suna lodi zuwa Kudu. Naman da ake ci a Anaca da Fatakwal wani daga wannan fili ya taso. A cikin gari kuwa 'yan canji na zaune da naira da sefa, don mutumin Gidar ko Garwa da ya shigo ta Sahuda sayen kaya ba baƙo ba ne a nan, watakila ma ɗan'uwan mai shagon ne. Kogin Yedzaram ya ratsa garin ya nufi arewa cikin Jihar Borno. Da rani yashi ne sai 'yan lambu a gefe, da damina kuwa ba a yi masa wargi.

Wanda ke da kwana biyu na sarari, kuma mutanen gari suka tabbatar masa hanya lafiya, ya daure ya je Sukur a ƙasar Madagali. Cikin 1999 Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin jerin kayan tarihin duniya, shi ne na farko a Nijeriya duka. Mota ba ta hawa. Da ƙafa ake bin wata hanya da aka shimfiɗe da duwatsu tun kaka da kakanni, har a kai fadar sarkinsu wanda ake kira Hidi, ita ma da dutse aka gina ta. Gonakinsu hawa-hawa ne kamar matakala, kowane hawa an tokare shi da jeren duwatsu don kada ruwa ya tafi da ƙasa, ga rumbuna, ga kufan wuraren da suke narka tama su fid da ƙarfe. Zaman kan dutse yana da dalili. Hamman Yaji, wanda ya mulki Madagali har Turawan Ingila suka tuɓe shi cikin 1927, ya bar littafin da ya sa aka riƙa rubuta masa al'amuransa na yau da kullum tun daga 1912, kuma a ciki da bakinsa ya lissafa hare-haren da ya tura kan mutanen duwatsu da yawan bayin da aka kamo. Jikokin waɗanda aka kai wa hari da na waɗanda suka kai harin yau aji guda suke zama a makarantun Mubi.

Akwai maganar da mai masauki ba zai tayar ba a ranar farko, sai an kwana biyu, hira ta yi nisa. Daren 1 ga watan Oktoba 2012, ranar bikin 'yancin kai, wasu mutane ɗauke da bindigogi da wuƙaƙe suka shiga Wuro Patuji, suka bi gidajen haya ɗaki-ɗaki suna kiran suna, wanda ya fito su kashe shi. 'Yan sanda suka ce mutum 25 ne suka mutu, mazauna unguwar suka ce sun haura 40, kuma akasarinsu ɗalibai ne, Musulmi da Kirista. Wasu suka ɗora laifin kan Boko Haram, wasu suka danganta shi da rikicin zaɓen ƙungiyar ɗalibai. Aka rufe makaranta, iyaye daga kowace kusurwa ta ƙasan nan suka kira 'ya'yansu gida. Bayan shekara biyu, a ƙarshen Oktoba 2014, Boko Haram ta kama garin gaba ɗaya ta sauya masa suna zuwa Madinatul Islam, jama'a suka watse, wasu Yola, wasu suka tsallaka duwatsu da ƙafa zuwa Kamaru, sai tsakiyar Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato shi. Sukur ma ba ta tsira ba, an kai mata hari a ƙarshen wannan shekarar. Cikin Nuwamba 2017 da Mayu 2018 an sake tayar da bama-bamai a masallatai, mutane da yawa suka rasu.

Garin da ke ci daga ɗalibi da ɗan kasuwa, in baƙo ya ɗauke ƙafa, ya shiga uku. Mai ɗakin haya da mai tuwo-tuwo da mai Keke Napep da dillalin shanu duk da baƙo suke rayuwa. Makarantu sun koma aiki, kasuwa ta cika, ɗakunan Wuro Patuji sun sake samun masu haya, amma har yanzu in mutum ya ce a gida za shi Mubi, sai an sami wanda zai ce masa me ya yi zafi. Mutanen garin sun san da wannan sarai. Shi ya sa in abokin ɗansu ya taso tun daga Kano ko Zariya ba don ciniki ba sai don zumunci, karɓar da ake yi masa takan wuce misali, har maƙwabta su riƙa aiko da kwano.

Ranar komawa kuma sai an yi ja-in-ja a kan tsaraba. Dada za ta ɗaure gyaɗa a buhu, ta ƙara da busasshiyar yakuwa da kwalbar man shanu, ta kawo tsamiya, ta yi bayanin yadda za a dama kunun dalla-dalla don a isar wa uwargida, ɗanta yana fassarawa. Abokin zai raka shi tasha tun kiran sallar farko, ya tsaya sai mota ta cika, kuma ba zai bar waya ta huta ba sai ya ji an wuce Gombi.