Tsohuwar Harabar Jami'ar Bayero da Sarkin da Aka Sa Mata Sunansa

Tsohuwar harabar Jami'ar Bayero tana bayan ganuwar Kano, tsakanin Ƙofar Dukawuya da Ƙofar Kabuga. Ba a nan makarantar ta soma ba. An buɗe ta a 1960 a cikin Makarantar Nazarin Larabci da sunan Kwalejin Ahmadu Bello, ta yi zaman wucin gadi a tsohon otal ɗin filin jirgin sama, kafin ta tare a wannan wuri a 1968. A 1977 ta zama cikakkiyar jami'a, Dakta Mahmud Tukur ne shugabanta na farko.

Akwai kuskuren da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, wai sunan marigayi Sarki Ado Bayero aka sa mata. Abin takaici, har ɗaliban da suka yi shekara huɗu suna shiga ƙofar nan sukan faɗi haka, ko kunya babu. Lissafi kaɗai ya isa ya kashe maganar. A 1962, da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, aka sauya wa kwalejin Kano suna zuwa Kwalejin Abdullahi Bayero, ta zama reshenta. A lokacin Muhammadu Sanusi ne Sarkin Kano. Ado Bayero bai hau gadon sarauta ba sai 1963, bayan gajeren mulkin Muhammadu Inuwa. Wanda aka karrama mahaifin Ado ne, Sarki Abdullahi Bayero, da ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Daɗewar Ado a kan karaga, har 2014, ita ta sa sunan ya koma kansa a bakin mutane, sai kuma yanke "Abdullahi" da aka yi daga sunan jami'ar.

Hukumar gudanarwa ta koma sabuwar haraba a kan hanyar Gwarzo, amma tsohuwar ba kufai ba ce, ana karatun kimiyya a cikinta har yau. Don haka ya kamata masu liƙa fastocin zaɓe a bangon ajujuwa su nemi allon sanarwa, masu sayar da abinci su tanadi kwandon shara, masu babur su rage gudu a lokacin lacca. Bishiyoyin da suka girmi yawancin malaman wurin kuwa, kada a sare ko ɗaya don faɗaɗa wajen ajiye motoci sai an dasa madadinta. Shugabannin ɗalibai ma su riƙa zagayawa da sababbin shiga, su nuna musu ɗakin taro na Mahmud Tukur, su gaya musu ko wane ne shi.