Maƙoƙo, Aidin da Ƙwaƙwalwar Yaro: Abin da Binciken Likitoci Ya Tabbatar

Maƙoƙo, wato kumburin nan da ke fitowa a gaban wuya, cuta ce da Bahaushe ya daɗe da saninta, sai dai binciken likitoci ya nuna cewa kumburin da ido ke gani shi ne ƙaramin ɓangare na ɓarnar da ƙarancin aidin ke yi, domin babbar illar tana aukuwa ne a ƙwaƙwalwar ɗan tayi tun yana cikin mahaifiyarsa. Tushen al'amarin wata 'yar gaɓa ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke ƙasan maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayirod, kuma aikinta shi ne sarrafa homon, ma'ana sinadarin da jini ke ɗauka ya kai wa sauran sassan jiki umarni. Homon ɗin wannan gaɓa, wanda Edward Kendall ya fara tacewa a Amurka a 1914 aka sa masa suna tairoksin, shi ke daidaita ɗumin jiki da bugun zuciya da girman yaro, kuma ba ya samuwa sai da sinadarin aidin. Idan aidin ya yi ƙaranci a abinci, wata gaɓa da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai suna fituwitari, takan yi ta aika saƙon matsin lamba ga tayirod, ita kuwa sai ta yi ta girma domin ta kamo ɗan abin da ya rage a jini, kuma wannan girman ne ake kira maƙoƙo.

Hujjar farko mai ƙarfi a kan amfanin aidin ta fito ne daga garin Akron na jihar Ohayo, inda Dabid Marin ya fara gwaji a kan 'yan mata 'yan makaranta a 1917. Cikin 2,190 da aka ba aidin, 5 ne kawai maƙoƙo ya fito musu, alhali cikin 2,305 da ba a ba su ba, ya fito wa 495, kuma a kan irin wannan sakamako ne Suwizalan ta fara sa aidin a gishiri a 1922, Amurka ta bi sahu a 1924. Hujja ta biyu ta zo daga kwarin Jimi na Papuwa Niyu Gini, inda daga 1966 Pita Faro da abokan aikinsa suka yi wa wasu iyalai allurar mai mai aidin, suka bar wasu domin kwatance. Sakamakon da suka buga a 1971 ya tabbatar da cewa matan da suka sami allurar kafin ɗaukar ciki sun tsira daga haihuwar yara masu taɓuwar ƙwaƙwalwa da kurumta da bebantaka, amma idan ciki ya riga ya shiga, kariyar ba ta cika ba. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade maikirogiram 150 na aidin a kullum ga baligi, da 250 ga mai ciki da mai shayarwa, shi kuwa maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram.

Akwai kuma binciken da ya shafi manoman Ketare da sauran garuruwan ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na jihar Katsina kai tsaye, domin ya taɓa abin da ake nomawa a ci. A yankin Darfur na Sudan an lura cewa maƙoƙo ya fi yawa a ƙauyukan da gero ne babban abincinsu, daga baya gwaji ya nuna gero na ɗauke da wasu sinadarai da ke rage wa tayirod ƙarfin amfani da aidin, haka kuma binciken da aka yi a Kwango ya gano irin wannan illa a rogon da ba a jiƙa shi sosai ba. Wannan ba ya nufin a bar fura da kunu da tuwo, domin illar tana bayyana ne musamman inda aidin ya riga ya yi ƙaranci. Abin da yake nufi shi ne gidan da gero ke cikin rumbunsa ya fi kowa buƙatar gishiri mai aidin.

Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishirin ci a 1993, lokacin da aka kiyasta kusan kashi 20 cikin ɗari na yara 'yan makaranta suna da maƙoƙo, kuma a 2005 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka shaida ta kai matakin da ake buƙata. Amma nasarar masana'anta ba ta wadatar ba idan gishirin ya lalace kafin ya shiga tukunya. Gishirin da ake juyewa daga buhu a faranti, ya yini a buɗe cikin rana da ƙura ana aunawa da gwangwani, sannan ya sha laimar damina a cikin ƙoƙo kusa da murhu, yana rasa aidin ɗinsa sannu a hankali, shi kuwa gishirin gargajiya irin na Bilma ba a ƙara masa aidin tun asali. Gwada ko gishiri na da aidin kuwa mai sauƙi ne, domin ɗigo ɗaya na ruwan gwaji a kan gishiri yakan mayar da shi launin shuɗi idan da aidin a ciki.

Wajibi ne kuma a sani cewa ba kowane maƙoƙo ne daga ƙarancin aidin ba, domin wani yana zuwa ne da yawan homon, inda mutum zai riƙa ramewa duk da yana ci, ga gumi da rawar hannu da faɗuwar gaba da fitowar idanu, wani kuma ƙari ne da ke buƙatar tiyata. Awon jini da hoton wuya ne ke rarrabe waɗannan, kuma manyan asibitocin koyarwa na Katsina da Shika da Kano suna yin su, don haka tsaga da ƙuna a wuya ɓata lokaci ne da jefa rai cikin haɗari.

Kira ga magidanta shi ne su sayi gishirin leda mai hatimin aidin, su ajiye shi a mazubi mai murfi nesa da laima, su kuma tabbatar da shi ake yi wa amarya da mai ciki girki. Hukumomin lafiya na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su riƙa gwada gishiri a kasuwannin ƙauye, sannan duk wanda ya ga kumburi a wuyansa ya nemi asibiti tun yana ƙarami.